Littafin Miyar Sau-lin

Kwana arba'in da tara da kai Sau-lin makwancinta,
na jawo durowar ƙarƙashin murhu ina neman ashana,
sai hannuna ya faɗa kan littafinta.
Bango ya sha maiko, gefe ɗaya ya ƙone,
yana ƙanshin busasshen ɓawon lemu.

Shekara talatin da takwas ina tuƙa jirgin fito a Guangzhou,
wannan gaɓa, waccan gaɓa, wannan gaɓa,
in dawo in tarar da kwano yana tururi,
in kurɓe, in goge baki, in kunna rediyo.
Ban taɓa tambayar me ke ciki ba.
Miya ai miya ce.

Shafin farko:
"Ruwa ya ƙi ɗaukewa. Laima ta shiga gwiwar Kam-fuk,
yana hawan bene kamar mai dakon buhu.
Jan wake, sha'ir, ɓawon lemu ɗan shekara goma.
Wuta ƙasa-ƙasa, awa uku."

Kam-fuk ni ne.

"Tsakiyar zafi. Idonsa ja, ya daka wa yaron jirgi tsawa.
Wuta ce ta hau masa ka.
Garahuni da koren wake. Zai ce da ɗaci."
Can ƙasa, da wani alƙalami:
"Ya ce da ɗaci. Ya shanye."

"Kaka. Tari busasshe, leɓe ya tsage.
Saiwar bado, zuma cokali guda."
"Sanyi. Tafin ƙafarsa kamar kifin kasuwa.
Rago da citta, kirfa tsinke ɗaya, kada ta fi haka."

Ashe shi ya sa take ba ni dariya kowace safiya:
harshena take son gani,
ko fari ne, ko ja, ko ya yi kumfa.
Ashe riƙe min wuyan hannu in za mu tsallaka titi
ba tsoron mota ba ne.
Bugun jinina take saurare,
ni kuwa ina taƙama, wai ni ne jarumi.

Na bi littafin shafi-shafi ina neman sunanta.
Ga na 'yarmu ranar da ta haihu, kaza da baƙin riɗi.
Ga na maƙwabci mai gyaran keke.
Har kare ya samu layi biyu.
Nata wuri ɗaya ne, a lungu, rubutu ƙanana kamar tururuwa:
"Ni: ruwan zafi ya isa."

Na daɗe zaune a ƙasan kicin.
Jirgi ya yi kuka a kogi, wani ne ke tuƙawa.

Shafin ƙarshe hannu ya fara rawa:
"In na tafi zai daina ci.
Baƙin ciki huhu yake fara kamawa.
Kunun shinkafa, jan dabino biyar, citta yanka uku.
Kam-fuk, ashana tana bayan gwangwanin shayi.
Ba ruwanka da gishiri, hannunka nauyi gare shi."

Tana nan kuwa, bayan gwangwanin.

Tukunyar ƙasa ta ƙi ni ranar farko, kunu ya kama.
Rana ta biyu ya yi ruwa tsululu.
Mai sayar da saiwoyi a Qingping, tsohuwa Auyeung,
ta ce, "Fito da harshe." Na fito da shi a tsakiyar kasuwa
kamar ɗan makaranta. Ta girgiza kai, ta ƙara min dabino biyu.

Jiya jikata Wing-yan ta kira daga tsallaken kogi.
Ta ce lafiya lau, ta yi tari sau biyu.
Na kasa kunne. Busasshe ne.

Yau ga ni a jirgin fito, na biya kuɗina kamar kowa,
kula a cinya, na rungume ta da hannu biyu.
Saiwar bado, zuma cokali guda.
Tun daga gida nake ta neman labarin ban dariya
wanda zai sa yarinyar nan ta buɗe baki sosai.